Layi na Arba'in da Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Tartu.
Kogin Emajõgi ya daskare har gindin gada,
motar kwashe ƙanƙara ta wuce sau biyu,
ni kuwa ina gaban allo
da shayin da ya huce tun sha ɗaya.

Fayil ɗin bai cika shafi uku ba.
Wanda ya fara rubuta shi ba mu san fuskarsa ba,
laƙabi kawai ya bari,
da ɗan gargaɗi a gefen layi na arba'in da bakwai:
kada a taɓa sai da dalili.
Shekara sha shida ke nan.
Ko yana raye, ko ya koma kiwon zuma, oho.

A zamaninsa intanet tafiyar hawainiya take,
shi ya sa ya tsuke bakin bututu,
ya ce kowane saƙo ya yada zango biyu
kafin ya isa inda aka aike shi.
Zango biyu a yau
labule ne da rana ke ratsawa.

Ansgar daga Bremen ya ce a mayar huɗu.
Ximena, can Valparaíso, ta ce: huɗu?
Ka taɓa jiran shafi ya buɗe da layin unguwarmu?
Mako uku muna ja-in-ja,
kowa da lissafinsa, kowa da gaskiyarsa,
har Ansgar ya yi zuciya ya ɓace kwana biyar,
ya dawo kamar ba shi ba.

Ba lambar ce ke hana ni barci ba.
Cikin mutum goma da za su sauke manhajar nan
tara ba za su leƙa saiti ba.
Yadda suka tarar da ƙofa, haka za su bar ta.
Ashe yatsana ne zai zaɓa
wa ma'aikaciyar jinya da ta ga an sauya alkaluma,
da yaron da ke da tambayar da ba ya iya yi a gida,
da wani da ba na son sanin abin da yake nema.
Shi ma ta nan zai bi. Na sani.

Kakata Leida ta yi shekara talatin a gidan waya.
Ta ce akwai wani ɗaki a baya
inda buta ba ta sauka daga wuta,
amma ba ta taɓa ganin an shiga da kofi ba.
Iyakar abin da ta faɗa ke nan.
Har ta rasu, wasiƙunta ga ƙanwarta
ba su wuce labarin ruwan sama da dankali ba.

Na jawo tsohuwar kwamfutar ƙanena daga ƙarƙashin gado,
mai tsagaggen murfi, mai maɓallin da ya ɓalle.
Na ɗora mata huɗun Ansgar.
Fankarta ta yi ta gurnani kamar za ta tashi sama,
cinyata ta ɗau zafi,
shafin ya buɗe bayan na gama wanke kofi.
Na ba ta uku. Ta yi nishi, ta ɗauka.

To, uku.
Na ɗan buɗa bakin bututun,
don kowace na'ura ta riƙa ɗauka wa baƙo kaya
ba tare da ta durƙusa ba.
Na share adireshi biyu na masu maraba da sabbin shiga
da suka daɗe ba sa amsa sallama.

Gargaɗin mai laƙabi ban goge shi ba.
A ƙarƙashinsa na rubuta dalilina, layi biyu,
na sa laƙabina,
don wadda za ta zo ta same ni da kuskure.

Na tura. Babu tafi, babu guɗa.
Gobe na'urori za su farka da sabuwar ɗabi'a
a ɗakunan da ba zan taɓa shiga ba,
masu su kuwa ba za su lura ba.

Motar ƙanƙara ta dawo karo na uku.
Ƙarfe takwas ina da aiki a kantin gyaran waya.